Gani Ya Kori Ji? Tsokaci a Kan Hotunan Kaka na Kwarin Yosemiti

Gabatarwa

Da wuya a sami mai karatun da bai taɓa cin karo da irin hoton nan ba, ko a jikin kalandar da ke rataye a ofis, ko a bangon shagon aski, ko kuwa a fuskar kwamfuta da wayar hannu. Kwari ne shimfiɗe a tsakanin duwatsu masu tsayi har suna neman taɓa gajimare, kogi ya ratsa ta tsakiya ya kwanta luf kamar madubi, itatuwan da ke bakinsa kuwa ganyensu ya rine, wani rawaya, wani ja, wani ruwan goro. Mutum kan tsaya ya ƙura masa ido, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, ya wuce abinsa. Ba mu cika tambayar ina ne wurin ba, balle mu tambayi wanda ya ɗauka. Tambayar da kuwa ba ta ko zuwa mana a rai ita ce: me ya sa babu kowa a ciki?

A kan wannan tambaya ta ƙarshe muke so mu ɗan yi tsokaci a wannan muƙala. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tun da aka ƙirƙiro kyamara a ƙarni na 19 mutane suka ɗauki hoto a matsayin shaidar da ba ta ƙarya. To amma shin mai ɗaukar hoto zai iya cutar da wani ba tare da ya saka ko ɗigo ɗaya na ƙarya a hotonsa ba? Shin akwai haƙƙin da ke hawa kan mutum don kawai ya ga abu mai kyau ya yaba? Domin kada mu yi ta shawagi a iska, mun zaɓi wuri guda mu tsaya a kansa, wato Kwarin Yosemiti da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wanda yana cikin kwarurukan da aka fi ɗauka a hoto a duk duniya.

Kwarin da kakarsa

Yosemiti yana cikin jerin duwatsun Siyera Nebada. Tsawonsa kimanin kilomita 12 ne, faɗinsa kuwa wajen kilomita ɗaya da rabi, Kogin Merced kuma shi ne ya ratsa shi. A gefe guda akwai El Kapitan, falalen dutse ne a miƙe kamar bango, tsayinsa ya kai mita 900 daga gindi zuwa ƙoli. Can ƙuryar kwarin kuma ga wani dutsen mai kama da ƙwaryar da aka kife aka raba biyu, wanda suke kira Half Dome, wato Rabin Ƙubba. Miliyoyin mutane ne ke ziyartar wurin duk shekara, kusan kowa da kyamara a hannu.

A ƙasashen da ke can arewa, tsakanin lokacin zafi da na dusar ƙanƙara akwai wani zango daga watan Satumba zuwa Nuwamba, wanda muke fassarawa da kaka domin ya yi daidai da watannin tamu kakar. Mu a wurinmu kaka lokacin girbi ne, lokacin da rumbu ke cika, a biya bashi, a yi aure, a buɗe fagen dambe. Su ma can haka abin yake a da, domin kuwa tsohon sunan wannan lokaci a Ingilishi ma'anarsa girbi, kuma sunan da Jamusawa ke kiransa da shi har yau daga wannan tushe ya fito. Sai dai ɗan birnin da ke shiga mota ya nufi Yosemiti a ƙarshen Oktoba ba girbi ke kai shi ba, launi yake nema. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Shi launin daga ina yake? Koren da ke cikin ganye wani sinadari ne da itace ke amfani da shi wajen sarrafa hasken rana ya zama abinci. Idan yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, sai itacen ya daina ƙera wannan sinadari, ya wargaza wanda ke akwai, ya janye abin da ke da amfani a cikinsa ya adana a reshe da saiwa kafin ya saki ganyen. Da koren ya gushe sai rawaya ta bayyana. Abin lura a nan shi ne, rawayar nan tana cikin ganyen tun farko, koren ne kawai ya lulluɓe ta. Ja ne kaɗai wasu itatuwa ke ƙerawa sabo a wannan lokaci daga sukarin da ya rage a ganye. Galibin itatuwan Yosemiti masu ganye kamar allura ne, ba sa canja launi ba sa kaɗewa. Waɗanda ke rinewa kaɗan ne, kuma babbansu shi ne wani da ake kira baƙin ok, wanda ke tsaye jefi-jefi a fadamun kwarin, kowanne ya baje rassa kamar ɗorawa a gona.

Mai hoton da ya san aikinsa tun asuba yake fita. Ya san cewa da kaka ruwan kogi ya ja baya ya natsu, har mashahuriyar mafaɗar ruwan kwarin, wadda tsayinta ya haura mita 700, takan ƙafe ƙaf. Saboda haka yakan kafa kyamararsa mai ƙafa uku a bakin ruwa tun rana ba ta leƙo ƙasan kwarin ba, lokacin da hazo ke kwance a kan ciyawa, iska ba ta motsa ba, dutse ya ga fuskarsa a ruwa. Yakan nemi inda haske zai biyo ta bayan ganye domin ganyen ya yi kamar an kunna masa fitila. Daga nan kuma sai aikin da ya fi kowanne cin lokaci, wato kaucewa. Ya matsa dama domin kada titi ya fito, ya durƙusa domin ciyawa ta rufe motocin da aka ajiye, ya jira motar 'yan yawon buɗe ido ta wuce. A bakin ramin mota na Wawona, wanda aka buɗe a 1933, inda ake hango kwarin gaba ɗaya, akan ga masu hoto sun yi sahu kafaɗa da kafaɗa, kowannensu yana ƙoƙarin ɗaukar hoton wurin da babu kowa.

Gwanayen da suka koya wa duniya kallon kwarin

Wannan salon kallo yana da mafari. A shekarar 1861 wani mai hoto da ake kira Carleton Watkins ya shiga kwarin da ayarin alfadarai ɗauke da wata ƙatuwar kyamara da fallayen gilashi masu faɗin inci 18 da tsawon inci 22. A zamanin, sai mutum ya shafa wa gilashi magani a cikin tanti mai duhu, ya ɗauki hoton tun maganin bai bushe ba, ya koma tanti a guje ya wanke. Da wannan wahala ya fito da manyan hotuna 30 waɗanda suka girgiza mutanen gabashin Amurka, domin da yawansu sun ɗauka labarin kwarin ƙarin gishirin matafiya ne. Hotunan suna cikin abubuwan da suka ja hankalin 'yan majalisa, har a ranar 30 ga Yuni, 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin domin amfanin jama'a, ta hana a mallaka wa wani. A 1890 aka mai da yankin da ke kewaye gandun daji na ƙasa.

Bayansa sai Ansel Adams, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1984. Yana ɗan shekara 14 iyayensa suka kai shi Yosemiti suka ba shi ƙaramar kyamarar Kodak, daga nan kuwa kwarin ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Hotunansa da suka yi fice baƙi da fari ne, har da na kaka, ga shi kuwa mai kallo yakan ji kamar ya ga launin. Adams bai taɓa ɓoye cewa hoto ƙira ne ba. Da yake makaɗin fiyano ne tun yana yaro, yakan kwatanta dodon hoto da rubutaccen kiɗa, wankin hoton kuma da kaɗa shi, wato gwani yana da damar ƙara nauyi a nan ya rage a can. A 1927 ya ɗora jan gilashi a bakin kyamara ya ɗauki Rabin Ƙubba, sararin sama ya fito kusan baƙi ƙirin, alhali da rana tsaka ne, domin haka ya ji dutsen a ransa. A wani hoton da ya ɗauka a 1944 a gabashin duwatsun, ɗaliban wata makaranta sun rubuta manyan haruffa biyu na sunan garinsu a jikin tudu, sai ya goge su, bai kuwa musa ba.

Yabon gwani ya zama dole. Waɗannan mutane sun yi wa kwarin rana. Wanda ke shakka sai ya dubi maƙwabcinsa Hetch Hetchy, kwari ne mai kama da shi a cikin gandun daji guda, amma bai sami irin wannan suna a idon jama'a ba. A 1913 majalisa ta amince a datse shi domin birnin San Faransisko ya sami ruwan sha, a 1923 aka gama madatsar, yau fadamunsa suna ƙarƙashin ruwa. Ba za mu ce hoto kaɗai ne ya raba makomar kwarurukan biyu ba, amma abin da mutane suka gani suka so ya fi wuyar rushewa. Haka nan kuma ba adalci ba ne a ce Adams bai damu da mutane ba, domin a 1943 ya je sansanin Manzanar inda gwamnati ta tsare Amurkawa 'yan asalin Japan, ya ɗauki fuskokinsu, ya wallafa littafi a 1944 yana nuna rashin dacewar abin, a lokacin da faɗin haka ba ya jawo farin jini.

Masu kwarin

To amma shekara goma kacal kafin Watkins ya kafa kyamararsa, wani abu ya faru a kwarin. Dubban shekaru mutane na zaune a cikinsa. Mazaunansa na lokacin suna kiransa Awani, wato wangamemen baki, saboda siffarsa. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, baƙi suka yi ta kwarara, rikici ya ɓarke tsakaninsu da 'yan asalin ƙasar. A watan Maris na 1851 wata rundunar sa-kai da gwamnatin jihar ta amince da ita, Bataliyar Mariposa, ta kutsa cikin kwarin tana neman shugabansu Tenaya da jama'arsa. Suka tarar an gudu, sai suka cinna wa bukkoki wuta, suka ƙone rumbunan abinci domin yunwa ta fito da mutanen daga maɓoyarsu. Bayan 'yan watanni aka kama su a bakin wani tafki aka kora su sansani. Wani ɗan rundunar, Lafayette Bunnell, wanda ya rubuta tarihin tafiyar, shi ne ya ba da shawarar sunan Yosemiti yana zaton ma'anarsa wani irin babban naman daji. Masana harshe daga baya suka nuna cewa laƙabi ne da maƙwabta suka yi wa mutanen kwarin, mai nufin masu kisa. Bunnell ɗin ya ba da labarin yadda ya shaida wa Tenaya cewa za a sa wa tafkin sunansa don karramawa, tsohon ya ɓata rai ya ce ai tafkin yana da sunansa.

Me ke cikin rumbunan da aka ƙone? 'Ya'yan baƙin ok ne, wato itacen nan da masu hoto ke rububi a kansa. 'Ya'yansa sun yi kama da ƙwarar kaɗanya, sai dai sun fi ta tsini, kuma da kaka suke zuba. Su ne hatsin mutanen Awani. Mata kan tsince su a shanya, a zuba a rumbunan da aka saƙa da rassa aka ɗora a kan turaku. In za a ci sai a fasa, a daka a turamen da aka fafe a jikin falalen dutse, a baza garin a kan rairayi a yi ta kwarara masa ruwa har baurinsa ya fita, irin baurin nan da ke cikin bagaruwar majema. Daga nan a dama a kwandon da aka saƙa da matsi har yana riƙe ruwa, a jefa duwatsu masu zafi a ciki ya dahu. Ashe ke nan kakar Yosemiti kaka ce irin tamu, ta girbi da cika rumbu. Abin da baƙo ya gani ya kira ado, a wurin masu gida abincin shekara ne.

Daɗin daɗawa, itatuwan ba haka kawai suka tsaya a sarari ba. Mutanen Awani kan saka wa fadamu wuta lokaci-lokaci, wutar da ke lashe busasshiyar ciyawa da ƙananan tsirrai ta bar manyan itatuwa. Wutar tana kashe ƙwarin da ke huda 'ya'yan ok, tana share ƙasa tsinta ta yi sauƙi, tana fito da miƙaƙƙen tsiron da ake saƙa kwando da shi, kuma tana hana itatuwan nan masu ganyen allura mamaye wurin su rufe wa ok hasken rana. Buɗaɗɗen filin da Turawan farko suka gani suka ce ya yi kama da lambun sarki, lambun ne kuwa, da masu kula da shi.

Mutanen ba su ƙare ba. Wasunsu sun dawo kwarin suka zauna a gefe suna wanki da dako da kamun kifi ga otal-otal. Daga 1916 zuwa 1929 akan shirya wani bikin shekara domin baƙi, inda ake ƙarfafa musu guiwa su sa tufafi da hulunan gashin tsuntsu irin na ƙabilun da ke can tsakiyar Amurka, domin shi ne kamannin da baƙi suka saba gani. Wato da aka tashi saka su a hoto, a rigar wasu aka saka su. A 1969 hukumar gandun daji ta rushe ƙauyensu na ƙarshe a cikin kwarin. Shekara biyar kafin nan, a 1964, Amurka ta kafa dokar kare dawa, wadda ta bayyana dawa da cewa wuri ne da mutum baƙo ne a cikinsa, yana zuwa ya wuce. Mu kuwa mun san baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Abin da ya faru a Yosemiti shi ne an tumɓuke kabar, sa'an nan aka rubuta cewa wurin na raɓa ne tun asali.

Ina laifin yake?

A nan ne maganar ta yi wuya, kuma bai kamata mu yi gaggawar yanke hukunci ba. Mai kare masu hoto zai ce, kowane hoto gefe huɗu gare shi, duniya kuwa ba ta da gefe, saboda haka dole a bar wani abu a waje. Ido ma haka yake yi, domin wanda ya ce zai kalli komai a lokaci guda ba zai ga komai ba. Zai ƙara da cewa Watkins bai kori kowa ba, Adams bai ƙone rumbun kowa ba, dutsen da suka nuna yana nan, ganyen kuma da gaske ya rine. Mai hoto ba alƙali ba ne, ba kuma marubucin tarihi ba ne. Duk wannan gaskiya ne, mun kuwa karɓa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin bari da bari. Mu ɗauki misali daga gida. Ranar biki in an jeru za a ɗauki hoto, wani kan ce a janye bokitin nan, a kuma ce wa yarinyar da ta wuni tana wanke-wanke ta ɗan matsa gefe. Duka biyu gyaran hoto ne, amma kowa ya san ba ɗaya ba ne. Bokiti ba ya rasa komai don bai fito ba. Yarinyar kuwa, bayan shekara ashirin in aka buɗe kundin hotuna ana lissafa waɗanda suka yi hidimar bikin, babu abin da zai tuna wa kowa da ita. Saboda haka ma'aunin da muke ganin ya dace shi ne a tambaya: abin nan da aka bari a waje, yana da wani haƙƙi da ya rataya a kan a gan shi? Motar da mai hoto ya kauce wa ba ta da shi. Haruffan da Adams ya goge, in ma akwai, kaɗan ne. Mutanen Awani kuwa duk haƙƙinsu a kan ganin ya rataya.

Dalili kuwa shi ne, a ƙarshen ƙarni na 17 masanin falsafar Ingila John Locke ya kafa hujjar cewa mutum yana mallakar ƙasa ne idan ya gauraya ta da guminsa, ya kuma ɗauki Amurka a matsayin misalin ƙasar da ke kwance ba a aikata ta ba. Rabin farko na maganarsa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a al'adarmu ma wanda ya sari daji shi ke da gona. Rabi na biyu ne ya zama makami. In ƙasa ta mai aikinta ce, to hanya mafi sauƙi ta ƙwace ta ita ce a ƙi ganin aikin. Baƙon da ya saba da garma da shinge, da bai ga garma da shinge ba sai ya ce daji ne. Manomin ƙasar Hausa zai fahimci wannan da sauri. Wanda ya ratsa karkararmu da rani ya ga gawo da ɗorawa da kaɗanya da kuka a warwatse zai iya cewa haka suka tsiro, alhali kowanne wani ne ya zaɓe shi ya bar shi lokacin sassabe, kowanne kuma da mai shi, har akan yi shari'a a kan 'ya'yan ɗorawa guda. Hoton da ya nuna irin wannan wuri a matsayin dawan da hannu bai taɓa ba, ya shiga shari'ar ne ya tsaya a bayan ɓangare ɗaya, ko da mai shi bai sani ba.

Ke nan laifin ba a cikin hoto guda yake ba. Hoto ɗaya da babu mutum a ciki hutun ido ne. Amma hotuna dubu bisa dubu, shekara fiye da ɗari, duk da shiru iri ɗaya, sukan haɗu su zama magana, maganar kuwa ita ce ba a taɓa yin kowa a nan ba. Da sannu "babu kowa a hoton" ta rikiɗe ta zama "babu kowa a wurin", daga nan ta zama "bai kamata a ga kowa a wurin ba". John Muir, mutumin da ya fi kowa fafitikar kare waɗannan duwatsu, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892, ya taɓa rubuta cewa wasu 'yan ƙasar da ya gamu da su a hanya kamar ba su dace da shimfiɗar wurin ba. Sai a 2020 ƙungiyar tasa ta fito fili ta amsa cewa irin waɗannan kalamai nasa sun yi ɓarna. Mutum na iya son wuri da zuciya ɗaya, son ya makantar da shi daga masu wurin.

Shaidar da hoto ya bayar ba da niyya ba

Akwai wani juyi a labarin nan da ya hana mu yanke ƙauna daga kyamara. Da aka hana saka wuta, sai itatuwan allura suka yi ta tsirowa suna cin fadamu, suna rufe ok, suna toshe wuraren da a da ake hango duwatsu. A 1929 wata tsohuwa mai suna Totuya, jikar Tenaya, wadda tana yarinya aka kore su, ta dawo ganin kwarin bayan shekara 78. Masu rakiyarta suna jiran ta yaba, sai ta nuna cewa wurin ya yi datti, ya cika da sarƙaƙiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da masu gadi ke alfahari da shi a matsayin kariya, ita saura ta gani, gonar da aka yi watsi da ita.

Da masana kimiyyar daji suka tashi auna gaskiyar wannan magana, ina suka nufa? Hotunan Watkins da na tsararsa suka ɗauko. Suka je daidai inda aka kafa kyamara a da suka sake ɗauka, suka jera tsoho da sabo, sai ga bambanci ƙuru-ƙuru, inda da fili ne yanzu kurmi ne. Hoton da ya bar mai lambu a waje ashe ya adana lambun, ya kuma zama hujjar aikinsa. Tun daga 1970 hukumar gandun ta koma saka wuta da gangan a ƙarƙashin kulawa, wato ta koma ga abin da ta hana. A 2018 kuma ta ƙulla yarjejeniya da zuriyar mutanen domin su sake gina wurin taronsu na gargajiya a inda ƙauyen ƙarshe yake. Wannan bai biya abin da aka rasa ba, amma ya nuna cewa gaskiyar tana cikin hoton tun ranar da aka wanke shi, kamar rawayar nan da ke cikin ganye tun yana kore. Abin da aka rasa shi ne mai karanta ta.

Kammalawa

Idan haka ne, to nauyin bai tsaya a kan mai kyamara kaɗai ba, ya hau kanmu mu masu kallo, kuma a yau da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, mai ɗauka da mai kallo sun zama mutum guda. Ba muna cewa a daina ɗaukar hoton kaka ba ne, ko a riƙa cusa mutum a kowane hoto don a wanke kai. Kyan dutse da ruwa da ganye kyau ne na gaske, kuma zuciyar da ta gaji tana da damar ta huta a kansa. Bashin da ke kanmu mai sauƙin biya ne. Mu san sunan wuri na asali in yana da shi. Mu kiyaye harshenmu daga cewa wuri bai taɓa ganin hannun ɗan'adam ba alhali ba mu bincika ba. In mun ga fili ya yi kyau, mu tambayi wanda ya share shi da inda yake yanzu, ko a Kalifoniya ne ko a bayan garinmu.

To gani ya kori ji? Ya kore shi a kan abin da ido ya kai gare shi. Abin da ke bayan gefe huɗun nan kuwa sai an tambaya an saurara, kamar yadda da an saurari Totuya a 1929 da ba a jira har 1970 ba. Har gobe turamen nan suna nan a jikin duwatsun Yosemiti, wasu a gefen hanyar da masu hoto ke bi da asuba. Da kaka sukan cika da ruwan sama da ganyen ok. Duk wanda ya sami zuwa, muna ba shi shawara, bayan ya gama da El Kapitan, ya sunkuyar da kyamararsa ƙasa ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, ya ajiye hotunan biyu a shafi guda.